Maganin Talaka Da Alƙalamin Shugaba

Ina cikin waɗanda suka kwana a zaune a daren zaɓen Amurka na watan Nuwamban 2008, rediyo a kunne, ana ta lissafa jihohin da ban ma san inda suke a taswira ba. Wajen kiran sallar asuba aka ce Barack Obama ya ci, na ji kamar ɗan unguwarmu aka naɗa. Na faɗi wannan tun daga farko ne don kada wani ya zaci ƙiyayya ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Shekara shida bayan haka, da na ji majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar maka gwamnatinsa a kotu kan dokar inshorar lafiya, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne hassada ce da wariyar launin fata. Shi ma tun kafin su kaɗa ƙuri'ar ya yi musu gatse a bainar jama'a, ya ce to su kai shi ƙara mana. Na ji daɗin gatsen nan ƙwarai. Sai da shekaru suka ja kafin na yarda cewa a cikin tarin ƙararrakin da aka shigar kan dokar, waɗanda mafi yawansu neman fitina ne, akwai guda ɗaya da masu ƙara ke da gaskiya a cikinta. Ita ce ta dame ni, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Dokar ita kanta ina bayanta, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Amurka duk arzikinta ba ta da tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar kowa kamar Ingila. Yawancin mutane ta wurin aiki suke samun inshora, masu shekara 65 zuwa sama suna ƙarƙashin shirin Medicare, matalauta na sosai suna da Medicaid. Kafin dokar, wanda ya faɗo a tsakani, kamar direban tasi ko mai ƙaramin shago, shi da Allah. A lokacin kamfanin inshora yana iya ƙin karɓarsa don kawai yana da ciwon suga ko hawan jini. Ranar 23 ga Maris 2010 Obama ya rattaba hannu kan dokar da aka fi sani da Obamacare. Ta hana kamfanoni korar mutum saboda tsohon ciwo, ta wajabta wa kowa ya yanki inshora ko ya biya tara, ta tanadi tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, ta faɗaɗa Medicaid, ta ba yaro damar zama cikin inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. A shekarar da aka kafa ta, kimanin mutum 16 cikin 100 ba su da inshora. Zuwa 2016 sun koma kimanin 9 cikin 100, wato mutum wajen miliyan 20 sun samu shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar biyan kuɗi a asibiti da mara lafiya a kwance da aljihu ba nauyi ya san ma'anar wannan adadi.

Sai dai an haifi dokar da naƙasa. Majalisar dattawa ta amince da daftarinta ranar 24 ga Disamba 2009 da ƙuri'a 60, daidai adadin da ake bukata, ba rarar ko ɗaya. Niyyar 'yan Democrat, jam'iyyar Obama, ita ce majalisun biyu su zauna daga baya su tace daftarin, su cire kurakurai. A watan Janairun 2010 kujerar marigayi Ted Kennedy ta jihar Massachusetts ta suɓuce musu, ɗan Republican Scott Brown ya ci, ƙuri'a 60 ta koma 59. Ba halin sake buɗe daftarin gaba ɗaya. Haka majalisar wakilai ta haɗiye shi da ƙuri'a 219 da 212, babu ɗan Republican ko ɗaya a cikin masu goyon baya, aka biyo da 'yan gyare-gyaren da suka shafi kuɗi kawai. A ƙarshen shekarar kuma Republican suka karɓe majalisar wakilai. Doka mai ɗaruruwan shafuka, cike da tuntuɓen alƙalami, ta faɗa hannun majalisar da ta rantse ba za ta gyara mata ko wasali ɗaya ba. Sun kaɗa ƙuri'ar soke ta ko rage mata ƙarfi fiye da sau 50. A watan Oktoban 2013 har rufe ma'aikatun gwamnati aka yi na kwana 16 a kanta. Duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta samo asali: shugaba yana riƙe da doka mai ɓaraka, masu allura da zare sun ce ba za su ɗinke ba.

Shari'ar farko ba a kan ikon shugaba aka yi ta ba, ikon majalisa aka ƙalubalanta. Ranar 28 ga Yuni 2012 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tarar da ake ɗora wa wanda ya ƙi yankar inshora haraji ce, majalisa kuwa tana da ikon sa haraji. Alƙalin alƙalai John Roberts, wanda George Bush ƙarami ya naɗa, shi ya raba gardamar. A hukuncin ne kuma aka ce ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, shi ya sa manyan jihohi irin su Texas da Florida suka noƙe.

Ta 2015 ce nake so mai karatu ya riƙe, wadda ake kira King da Burwell. Wani sashe na dokar ya ce za a ba da tallafi ga wanda ya sayi inshora a kasuwar da jiha ta kafa. Jihohi 34 kuwa ba su kafa tasu ba, gwamnatin tarayya ce ta kafa musu. Hukumar tara haraji ta ce tallafin ya shafi kowa. Masu ƙara suka ce a'a, a bi abin da aka rubuta baƙi da fari, wanda da an bi ɗin mutum fiye da miliyan 6 sun rasa tallafi. Ranar 25 ga Yuni 2015 alƙalai 6 a kan 3 suka yi fatali da ƙarar. Roberts ya ce majalisa ta yi dokar ne don ta gyara kasuwar inshora, ba don ta rusa ta ba, dole a karanta jimlar tare da sauran sassan da ke kewaye da ita. Marigayi Antonin Scalia, ɗaya daga cikin alƙalai ukun da ba su yarda ba, ya fusata har ya ce gara a sauya wa dokar suna a laƙa mata na kotun.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a ranar, saboda murna, shi ne hanyar da Roberts ya bi. Da ya so, sai ya ce jimlar tana da harshen damo, don haka a bar wa hukumar haraji ta zaɓi fassarar da ta ga dama, kamar yadda kotunan Amurka suka saba yi tun 1984. Ya ƙi. Ya ce magana mai girman wannan, da ta shafi biliyoyin daloli da miliyoyin mutane, ba wadda za a bar wa hukuma ba ce, kotu ce za ta faɗi abin da doka take nufi. A fuska kamar ya rage wa gwamnatin Obama iko ne. A zahiri ya kafe tallafin da ƙusa. Da fassarar hukuma aka dogara da ita, da shugaban da ya biyo baya ya naɗa sabon shugaban hukuma ya sauya fassarar cikin wata guda.

To, ga inda na rabu da gwanina.

Dokar ta ce duk kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye dole ya yi musu inshora ko ya biya tara, ta kuma sa rana: daga watannin da suka biyo bayan 31 ga Disamba 2013. Ranar 2 ga Yuli 2013, kwana biyu kafin hutun bikin 'yancin kai, lokacin Obama yana kammala ziyararsa ta Senegal da Afirka ta Kudu da Tanzaniya (wadda mu a Najeriya muka yi ta ƙorafin an tsallake mu), wani jami'in ma'aikatar kuɗi ya wallafa sanarwa a shafin intanet cewa an ɗage wannan sashe da shekara guda. A watan Fabrairun 2014 aka sake ɗagewa ga masu ma'aikata 50 zuwa 99, har 2016. A tsakani kuma, da mutane suka fara samun takardun soke tsohuwar inshorarsu, bayan Obama ya sha yi musu alƙawarin cewa wanda ke son tasa zai ci gaba da riƙe ta, sai ya fito a watan Nuwamban 2013 ya ce an yarda kamfanoni su ci gaba da sayar da irin inshorar da dokar ta haramta.

Lauyoyin gwamnati sun ce wannan sassauci ne na lokacin sauyi, kuma kowace gwamnati tana da damar zaɓen inda za ta sa ƙarfinta wajen tilasta bin doka. Akwai gaskiya a ciki. Ɗan sanda ba ya kama duk wanda ya karya dokar hanya, ba wanda zai ce ya ci amanar aiki. Amma ɗan sandan da ya kau da kai ga direba ɗaya daban yake da kwamishinan da ya fito a rediyo ya ce bana an dakatar da dokar hanya gaba ɗaya, a tara baɗi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa shugaba alhakin tabbatar da an zartar da dokoki bisa amana. Ranar da majalisa ta rubuta a doka ita ma doka ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, makonni biyu bayan sanarwar, majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da zai halatta ɗagewar, Fadar White House ta ce ba ta bukata, za ma ta hau kujerar naƙi. Na san tarko ne, don sun haɗa shi da wani ƙudurin da zai ɗage wajabcin da ke kan ɗaiɗaikun mutane, wanda shi ne ginshiƙin dokar a lokacin. Duk da haka amsar ta nuna yadda ake tunani a fadar: abin da alƙalami zai iya yi, me ya sa za a roƙi majalisa? A watan Janairun 2014 Obama da bakinsa ya ce yana da alƙalami, yana da waya, ba zai zauna jiran majalisa ba.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan maganar kuɗi.

Dokar ta tanadi taimako iri biyu. Na farko yana sashe na 1401, shi ne tallafin kuɗin da mutum ke biyan kamfanin inshora duk wata. Na biyu yana sashe na 1402, rangwame ne a kan abin da mutum ke cirewa daga aljihunsa idan ya je asibiti ko kantin magani, ga waɗanda samunsu bai wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci ba. Doka ta wajabta wa kamfanoni su yi wannan rangwame, ta ce gwamnati za ta mayar musu da kuɗinsu. Na farkon an haɗa shi da wata madawwamiyar ƙofa ta baitulmali, ba sai an nemi izini kowace shekara ba. Na biyun ba a haɗa shi da komai ba. An yi alƙawarin biya, ba a ware abin biyan ba.

Wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ya san bambancin. Taro yana iya amincewa a gyara rufi, a rubuta a littafi, kowa ya ce madalla. Wannan bai ba shugaba izinin buɗe asusu ba, sai an zauna an ce a cire kaza, ma'aji ya sa hannu. Kundin Amurka a sashen da ya yi magana kan majalisa ya faɗe shi a jimla ɗaya: ba za a cire kuɗi daga baitulmali ba sai bisa kason da doka ta ware. Gwamnatin Obama ta san da wannan, domin a kasafin da ta gabatar a 2013 ita da kanta ta roƙi majalisa ta ware kuɗin sashe na 1402. Majalisa ba ta ware ba. Da watan Janairun 2014 ya kama, sai aka fara biyan kamfanoni ta ƙofar sashe na 1401, aka ce ai sassan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kuɗin ya kai wajen dala biliyan 7 a shekara.

Ranar 30 ga Yuli 2014 majalisar wakilai ta amince a shigar da ƙara da ƙuri'a 225 da 201, aka shigar a watan Nuwamba. Lauyan da ya tsaya musu, Jonathan Turley, malamin jami'a ne da ya ce shi ma Obama ya zaɓa a 2008. Mai shari'a Rosemary Collyer ta kotun tarayya da ke Washington ta raba ƙarar gida biyu a watan Satumban 2015. Kan ɗage ranar tarar kamfanoni, ta ce majalisa ba ta da hurumin ƙara, shi ya sa har yau ba kotun da ta ce wannan ɗagewa halal ce ko haram. Kan kuɗi kuwa ta ce tana da hurumi, domin riƙe jaka shi ne babban makamin majalisa, idan aka ƙwace shi saura surutu. Ranar 12 ga Mayu 2016 ta yanke hukunci cewa ana biyan kuɗin ne ba tare da an ware su ba, amma ta jingine hukuncin har a ɗaukaka ƙara.

Wani abokina lauya, wanda son Obama ya fi nawa tsanani, ya tare ni da hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Ya ce, “Haba Malam, kai da ka yaba wa Roberts don ya karanta doka gaba ɗayanta, me ya sa a nan kake neman a bi harafi? Majalisar 2010 ta so a biya kuɗin nan. Majalisar 2014 ce ta ƙi, don mugunta. Kana so a bar mai ciwon daji ya rasa magani saboda wata ƙa'ida ta takarda?”

Na daɗe ina juya maganar. Amsata ita ce, a shari'ar King tambayar ita ce me jimla take nufi, kuma fassara aikin kotu ne. A nan ba jimlar da za a fassara, gurbi ne babu kowa a ciki, gwamnati ta gan shi, ta roƙi a cike, aka hana ta, ta cike da hannunta. Idan ƙin amincewar majalisa ba ya hana shugaba kashe kuɗi muddin ya gamsu cewa niyyarsa mai kyau ce, to amincewar tata ma ado ce. Kowane shugaba ya gamsu da niyyarsa. Ban taɓa jin wanda ya buɗe baitulmali ya ce don sharri ya buɗe ba. Sannan mai ciwon dajin ba zai rasa rangwamensa ba, tunda wajabcin yana kan kamfani ko an biya shi ko ba a biya ba. Kamfanonin kuma suna da hanyar bin bashinsu. An gani a wata rigimar mai kama da wannan, inda majalisa ta toshe kuɗin da dokar ta yi alƙawarin cike wa kamfanonin da suka yi asara a shekarun farko: sun je kotu, a watan Afrilun 2020 Kotun Ƙoli da alƙalai 8 a kan 1 ta ce bashi bashi ne, gwamnati ta biya wajen dala biliyan 12. Hanyar tana da nisa, wasu ƙananan kamfanoni sun durƙushe kafin a kai, ban musa ba. Amma hanya ce da ba wanda zai iya toshewa da takarda ɗaya.

Takarda ɗayan kuwa ta zo. Donald Trump ya hau mulki da alƙawarin rusa dokar. Majalisa ta gwada, ta kasa: cikin daren 28 ga Yuli 2017 Sanata John McCain, ɗan Republican, da tabon tiyata a saman idonsa, ya juya babban yatsansa ƙasa, ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51. Abin da ke rubuce a doka ya gagari shugaba mai rinjaye a majalisu biyu. Abin da ke rataye a alƙalami bai ɗauke shi yini ba. Ranar 12 ga Oktoba 2017, bisa shawarar antoni janar Jeff Sessions, gwamnati ta sanar da daina biyan kuɗin sashe na 1402. Ba ta bukaci ƙirƙiro hujja ba, ta ɗauki ta Collyer ne kawai. Jihohin da Democrat ke mulki suka garzaya kotu a Kaliforniya, alƙalin da ya saurare su, Vince Chhabria, wanda Obama ne ya naɗa shi, ya ƙi tilasta biyan, ya ce maganar tana da sarƙaƙiya amma da alama hujjar gwamnatin Trump ta fi ƙarfi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin dariyar shi ne yadda ta kaya. Kamfanoni da hukumomin inshora na jihohi suka zauna suka yi lissafi. Tallafin sashe na 1401 ana auna shi ne da farashin inshora mai matsakaicin daraja, wadda ake kira ta azurfa. Sai suka ɗora duk asarar a kan farashin ta azurfa. Farashi ya hau, tallafi ya bi shi, baitulmali ya biya ta ƙofar da ba mai iya rufewa. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya riga ya yi hasashen haka tun watan Agusta, ya ce daina biyan zai ƙara wa gwamnati giɓin dala biliyan 194 cikin shekara goma. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne masu matsakaicin samu da ba su cancanci tallafi ba. Sanatoci biyu, Lamar Alexander na Republican da Patty Murray ta Democrat, sun kawo ƙudurin ware kuɗin na shekara biyu, wato abin da ya kamata a yi tun 2013. Bai kai labari ba.

Daga nan kowa ya koma kujerar ɗan'uwansa. A farkon 2019 Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Meksiko, bayan rufe ma'aikatu na kwana 35 majalisa ta ba shi ƙasa da biliyan 1.4. Ranar 15 ga Fabrairu ya ayyana dokar ta-ɓaci ya karkato kuɗin sojoji zuwa katangar. Majalisar wakilai, wadda a lokacin take hannun Nancy Pelosi ta Democrat, ta tafi kotu, kuma hukuncin Collyer na cikin abin da ta dogara da shi, hukuncin ƙarar da jam'iyyarta ta kira wasan kwaikwayo a 2014. Mafi yawan 'yan Republican da suka yi ta kukan kundin tsarin mulki a zamanin Obama suka yi gum, in ban da sanatoci 12 da suka bi sahun masu neman soke dokar ta-ɓacin. Laifi tudu ne. Haka ma'aikatar shari'ar Trump ta ƙi kare Obamacare a kotu lokacin da Texas da wasu jihohi suka nemi a rushe ta baki ɗaya, kamar yadda gwamnatin Obama ma ta ƙi kare dokar tarayya da ta taƙaita aure ga namiji da mace a 2011. Ƙarar ta Texas Kotun Ƙoli ta kore ta a watan Yunin 2021, alƙalai 7 a kan 2, ta ce masu ƙarar ba su nuna cutarwar da ta ba su hurumi ba. Joe Biden shi ma ya gwada alƙalaminsa kan yafe bashin ɗalibai na wajen dala biliyan 400, kotu ta taka masa birki a 2023.

Ba na cewa laifin Obama da na majalisar da ta yi masa zagon ƙasa ɗaya ne. Majalisar da ta ga doka tana aiki, mutane suna amfana, ta ƙi gyara kuskuren rubutu don tana fatan abin ya rushe a kan talakawa, ta yi abin kunya. Sai dai hukuncinta yana wurin masu zaɓe, kuma sun yanke shi: a zaɓen 2018 maganar kare masu tsohon ciwo ce Democrat suka fi yin yaƙin neman zaɓe da ita, suka karɓe majalisar wakilai. Da Obama ya fito a 2013 ya ce ga sashe, ga adadin kuɗi, ga sunayen waɗanda suka hana, da nauyin ya hau wuyan masu shi. Da ya biya a ɓoye ta ƙofar baya, sai ya sauke musu kayan, ya ba su damar zama masu kare kundi.

Abin ya fi taɓa ni ne saboda tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka muka aro shi a 1979, har da jimlar baitulmalin. Sashe na 80 na kundinmu na 1999 ya hana cire kuɗi daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisa. A watan Afrilun 2018 aka karanta wasiƙar Shugaba Buhari yana sanar da majalisa cewa ya riga ya amince a fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur don sayen jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12, yana neman su amince bayan an biya. Na tuna abin da na ce a lokacin, ni da galibin mutanen da nake zama da su: ana kashe mutane a Borno da Zamfara, wa ke da lokacin jiran 'yan majalisa? Maganar abokina lauya ce sak, an sauya mai ciwon daji da ɗan gudun hijira. Ta ɗaya gefen kuma muna da namu sashen da aka yi alƙawari ba a ware ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 kuɗin suka fara bayyana. A 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Mai sayar da rake a bakin tasha bai ma ji labarinta ba.

Shari'ar baya-bayan nan da na bibiya ta zo da wani salo. Obamacare ta ce wasu gwaje-gwajen rigakafi, irin na ciwon daji da hawan jini, dole kamfani ya biya su ba tare da karɓar ko sisi daga mara lafiya ba, kuma wani kwamitin ƙwararru 16 ne ke zayyana waɗanda suka cancanta. Wasu 'yan kasuwa a Texas, da suka ce addininsu bai yarda su biya kuɗin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ba, suka ƙalubalanci yadda ake naɗa kwamitin, suka ce masu irin wannan iko sai shugaba ya zaɓe su majalisar dattawa ta tantance. Ranar 27 ga Yuni 2025 Kotun Ƙoli da alƙalai 6 a kan 3 ta ce naɗin yana kan ƙa'ida. Masu goyon bayan dokar suka yi ajiyar zuciya. Dalilin da kotu ta bayar shi ne 'yan kwamitin ƙananan jami'ai ne, domin sakataren lafiya yana iya sallamar kowannensu duk lokacin da ya ga dama, yana kuma iya dakatar da shawararsu kafin ta fara aiki. Sakataren a lokacin shi ne Robert F. Kennedy ƙarami, wanda a farkon wannan watan na Yuni ya sallami duka mutum 17 da ke kwamitin ba da shawara kan allurar rigakafi, ya naɗa nasa.